Ranar da Baba Ya Ga Cikin Ruwa

Sawakin, bakin Bahar Maliya,
cikin watan Safar, shekara ta 1356 bayan Hijira.

Zuwa ga yayana Maccido ɗan Ƙasimu, a Rimawa ta ƙasar Goronyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanenka Yusha'u, tare da fatan takardar ga ta iske ka lafiya, kai da Inna da iyalinka da duk mai ci daga tukunyar gidanmu. Allah shi tsare ku daga ciwo da gobara da mugun ji, shi sa damina mai zuwa ta sauka da albarka, shi sake haɗa fuskokinmu cikin alheri. Mu nan sai godiya. Allah ya nufe mu da sauke farali, ni da Baba. Mun tsaya Arfa, mun yi ziyara Madina, kuma babu inda munka ɗaga hannu ban ambaci sunanka ba. Takardar ga na ba Alhaji Lawwali na Rabah, wanda munka yi tafiya tare tun daga Yarwa. Mutumin kirki ne, in ya iso ku shimfiɗa mashi tabarma mai kyau, don ya ɗauki Baba a bayanshi a wuraren da ni kaina ƙarfina ya ƙare.

Ba zan ɓoye maka ba, jikin Baba ba yadda ka san shi ba ne. Tun cikin jirgin da ya ƙetaro da mu daga Jidda ƙafafunshi sunka fara kumburi, numfashi kuma ya riƙa yi mashi wuya in ya kwanta. Da munka sauka Sawakin, Turawa sunka tsare mu a karantina kamar yadda sukan yi wa dukan alhazai, likitansu ya duba shi ya ba da wani farin gari a riƙa jiƙa mashi. Ya ɗan ji dama, amma tafiyar da ba ta wuce daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba, sai ya zauna ya huta a tsakani. Yanzu muna unguwar mutanen ƙasarmu, waɗanda ake kira Takari a nan, cikin bukkar tabarma. Ni ina dako inda jirage ke sauke kaya, abin da na samo shi muke ci. Akwai Hausawa da yawa, har mai koko da mai gyaran takalmi, amma geronsu ba irin namu ba ne, furar ma sunanta dai fura.

Mutanen Wurno da sunka iso bana sun ba mu labarinku. Sun ce ka sake wa Inna rufin ɗaki, sun ce albasarka ta yi kyau har ka kai ta kasuwar Acida. Baba ya sa an maimaita mashi wanga labari har mai faɗin ya gaji. Sun kuma ce ɗiyar da matata Turai ta haifa mani bayan tasowarmu, wadda kunka raɗa wa Habi, ta yi wayo, tana bin Inna rijiya da ɗan tulunta. Yaya, wanda ya ba ni labarin ya gwada mani tsawonta da hannu, daidai ƙuguna. Bayan ya janye hannun na daɗe ina kallon wurin. Ya kuma faɗa mani, cikin jin nauyi, cewa surukina Baba Abdulƙadiri ya fara tambaya ko ɗiyarshi za ta tsufa tana kallon hanya. Ban ga laifinshi ba ko kaɗan.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ayarin alhazai masu komawa gida ya ɗaure kaya, kuma za ku ga Alhaji Lawwali ya iso ba tare da mu ba. Ba ni son ku ji dalili gutsure-gutsure a bakin mutane, shi ya sa zan ba ka labarin wata rana guda, don a cikinta maganar ta yanke.

Ka san Baba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinshi cikin Gulbin Rima ba shi iya wuni cikin bukka alhali shina jin ƙarar ruwa. Kullum da hantsi sai in kai shi gaɓa in zaunar da shi inuwar wani tsohon jirgi, in tafi aikina. Abin da ke cin ranshi, ya ce, an ƙetarar da shi ruwan da ya fi kowane ruwa girma, zuwa da dawowa, an cusa shi cikin jirgin ƙarfe kamar buhun gero, bai ko jiƙa yatsa ba. In masunta sunka tambaye shi mi ya gani, mi za shi ce masu? To kusa da inda shike zama akwai wani masunci mai furfura da ke gyaran taru. Wata rana Baba ya dubi aikinshi ya ce da Hausa, ba don a ji ba, wanga ƙulli na mai gaggawa ne. Sai mutumin ya ɗago ya amsa mashi da Hausa mai nauyi, rabinta Larabci, ya ce to malam shi zo shi gwada mashi na mai haƙuri. Sunanshi Mu'azu. Asalinshi Kwargaba, an zo da shi nan shina ɗan ƙarami tare da iyayenshi kan hanyar Makka. Tun daga ranar sunka zama abokai, suna gyaran taru suna gardama. Shina da jirgi nashi na kanshi, na katako, mai babban ƙyalle da iska ke turawa. Shi ne ya ce za shi bar kamun kifi na yini guda, ba kaya ba kowa, mu kaɗai, shi kai Baba tsibiran da ke can cikin teku shi ga abin da bai taɓa gani ba. Na ji tsoron jikin Baba, na so in hana. Baba ya ce in ban kai shi ba za shi ja ciki shi kai kanshi.

Bayan asuba na goya shi na shiga da shi jirgin. Mun ɗauki salkar ruwa da dabino da gurasa da ɗan gawayi. Da Mu'azu ya saki ƙyallen iska ta cika shi, sai jirgin ya ɗauka ba sanda ba filafili, Baba ya riƙe katako da hannu biyu shina salati, can kuma na ga shina murmushi. Fararen gidajen Sawakin sunka riƙa ƙanƙancewa a bayanmu, da jajayen duwatsun da ke bayansu. Ruwan kusa da gari kore ne, gaba kaɗan ya koma kamar zanen da anka tsoma a ruwan baba na rini sau guda, can gaba kuma kamar wanda ya kwana a karofi. Baba ya kamfata da hannu ya kai baki ya tofar, ya ce wa Mu'azu ruwan da ba shi shayar da jaki ba shi raya albasa, duk faɗinshi bai kama ƙafar Rima ba. Mu'azu ya yi dariya ya ce shi dai dakata, ba a kai ba tukuna.

Rana ta ɗan ɗaga munka iso wani wuri da ruwan ya yi haske, Mu'azu ya sauke ƙyallen ya jefa dutsen da ke riƙe jirgi. Ya jawo wani gwangwanin kananzir da ya yanke wa gindi ya liƙa gilashi da kwalta. Da shi suke duban ƙasan ruwa: a ɗora gefen gilashin a kan ruwa, mutum shi cusa fuska ta baki. Ya miƙa wa Baba, ni kuma na riƙe mashi riga ta baya kada shi rinjaya. Baba ya sa fuska. Ya daɗe har na girgiza shi na tambaya ko lafiya, ya buge mani hannu bai ɗago ba. Da na samu ya sakar mani na duba, na gane dalili. Yaya, ƙasan ruwan a bayyane shike kamar tsakar gida da rana. Dutse ne a wurin, amma ya tsiro kamar itace, wani da rassa kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai, wani dunƙule kamar ƙwaƙwalwar sa. Akwai rawaya, akwai shunayya, akwai mai ja-ja. Larabawa na ce mashi murjan, sunan da munka sani a wuyan mata. Tsakaninshi kifaye ne ba iyaka, ƙanana rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, wasu da zane kamar saƙi, wani kore mai baki irin na aku shina gatsar dutsen. Na ga makankari mai girman akushi, bakinshi a buɗe, shuɗi da ɗigo-ɗigo.

Baba ya ƙwace gwangwanin ya fara raɗa masu suna da murya cikin gwangwani. Wagga karfasa ce ta sa kayan sallah, wanga giwan ruwa ne da ya samu sarauta, wancan kawara ce ta sha lalle. Sai kwatsam ya ƙwala ihu har Mu'azu ya zabura. Ashe talibambam ya gani, sak irin namu, da ƙaton kanshi da ɗan bakinshi, shina ta kaɗa 'yan fukafukai. Baba ya ce ga ɗan garinmu, ya gaishe shi da gajiya, ya tambaye shi mi ya kawo shi nan, ko shi ma Makka ya zo hanya ta ƙi komawa da shi. Mun yi dariya mu duka, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Na tuɓe na ɗaura ɗan zane na faɗa ruwan, ina tura gwangwanin a gabana ina iyo. Ruwan da ɗumi, kuma shina ɗauke da mutum, ko ba ka motsa ba ba ka nutsewa da sauri. Ban jima ba Baba ya ce shi ma za shi shiga. Na roƙe shi, Mu'azu ya roƙe shi, ya ce tun ba a haife mu ba shike cikin ruwa. Ƙarshe Mu'azu ya ɗauko wata tsohuwar salka ya hura ta ya ɗaure baki, munka sauke Baba a hankali ya kwanta a kanta rub da ciki, daidai yadda shike kwanciya a kan gora ranar su, in gari ya fita kamun kifi. Na ba shi gwangwanin, na riƙe gefen zanenshi ina iyo kusa da shi. Yaya, da ka ga wanga abu. Ƙafafun nan da sunka kasa ɗaukar shi a tudu sunka riƙa kaɗa ruwa a hankali, a hankali, kamar na saurayi. Tarin da ke damunshi kullum ma ya bar shi. Ya riƙa bin bakin duwatsun, in ya ga abu shi tsaya, shi miƙa hannu cikin ruwa kifayen su watse su sake taruwa. Can ya ɗago, fuska duk ruwa, ya ce mani shi duk rayuwarshi lalube shike yi cikin jan ruwan Rima, hannu ke gani ido na rufe. Ya ce bai taɓa ganin kifi ba sai wanda ya riga ya shiga hannu shina mutsu-mutsun mutuwa. Ashe in ba a taɓa su ba haka suke zamansu, kowa da ƙofar gidanshi, kowa da maƙwabcinshi. Ya ce da ma Maccido na nan. Wallahi haka ya ce, sunanka ya fara kira.

Ba mu lura ba ruwa na jan mu, sai na duba ƙasa na ga duwatsun sun yanke kamar bakin rijiya, babu komai sai shuɗi mai duhu da ba a ganin ƙarshenshi. Can ƙasa wani dogon kifi mai launin toka ya gitta, ya fi mutum tsawo, irin wanda suke kira ƙirish, mai yanke ƙafar mutum. Mu'azu ya riƙa buga katako shina kiran mu komo. Na cafki ƙafar Baba na ja shi baya da iyakar ƙarfina. Shi kuwa faɗa shike yi, wai na ɓata mashi kallo, wai ni matsoraci ne tun ranar da mijiriya ta buge ni a tafkin bayan gari na fito ina kiran Inna. Da ƙyar munka ɗaga shi cikin jirgin, jikinshi na rawa, leɓenshi ya yi fari, amma idonshi na ƙyalli.

Rana tsaka munka sauka wani tsibiri. Ba shi da tudu, ba shi da itace mai inuwa, ba shi da ruwan sha. Farin rairayi ne mai ƙona ƙafa, da 'yan ƙananan ciyayi, da fararen tsuntsaye da sunka tashi gaba ɗaya suna kuka da sunka gan mu. Mu'azu ya nuna mana sawun kififiya mai faɗin turmi inda ta fito ta binne ƙwai. A tsakiya akwai kabari guda da anka kewaye da duwatsu, ya ce babu wanda ya san mai shi, masunta dai kan tsaya su yi mashi addu'a, mu ma munka yi. Munka kafa ƙyallen jirgin ya zama rumfa, munka gasa kifin da Mu'azu ya kama da ƙugiya. Baba ya ci fiye da yadda na ga ya ci tun saukarmu. Munka yi alwala da ruwan gishiri munka yi azahar, shi a zaune.

Bayan sallama bai tashi daga wurin ba. Ya juya ya fuskanci yamma, inda ƙasa ta zama ɗan siririn zare, ya ce in matso. Ya ce ya san jikinshi kamar yadda ya san gulbi, kuma ya ga ruwa ya fara janyewa. Hanyar da munka biyo, ta Fashir da Wadai da Barno, ba ta mai irin ƙafafunshi ba ce, in ya kama ta a daji za a gina mashi rami, shi kuma jawo wa ayari wahala. Ya ce bai ji tsoro ba, ya ga Ɗakin Allah, yau kuma ya ga cikin ruwa, mi ya rage. Amma ni ina da mata da ɗiyar da ba ta san fuskar ubanta ba, don haka in bi Alhaji Lawwali in koma gida. Ya ce Mu'azu ya yarda shi ɗauke shi gidanshi, matarshi ta riga ta share ɗaki. Na dubi Mu'azu ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane sun gama shirya maganar tun a bakin taru, kuma ba don kifi kaɗai anka kawo ni tsibirin ba. Sun zaɓi wurin da ba ni da inda zan tashi in tafi in bar zancen.

Mu'azu ya sa baki. Ya ce in saurare shi don shi ya ga abin da ido. Ubanshi ma jinyar tsohuwarshi ta tsayar da shi a nan, ya ce baɗi za su koma. Baɗi ta zo anka samu wani dalili, wata baɗin anka samu wani, har anka binne shi a Sawakin. Ya ce shi yau bai san gefen da ƙofar gidansu ke kallo a Kwargaba ba. Abin da ya rage mashi ƙamshin rumbun albasa, da muryar wata mace mai kiran awaki da marece, bai ma san ko wace ce ba. Ɗiyanshi ba su jin Hausa. Ya ce garin ga ba shi ɗaure kowa, amma ya ga mutane da yawa da sunka ce na ɗan lokaci ne, kuma shi ya yi masu sallah. Ya rantse za shi riƙe Baba kamar ubanshi.

Na yarda da shi, Yaya, har yanzu na yarda. Duk abin da sunka faɗa gaskiya ne, kuma lokacin da suke magana babu abin da ke idona sai hanyar nan da ke shiga Rimawa ta gefen fadama. Amma na ce masu ba ni iya zuwa in durƙusa gaban Inna in ce na baro shi da numfashinshi a hannun wani, komin kirkin mai hannun. Tare munka fito, ni ya zaɓa in riƙe mashi buta, ba zan aje ta a rabin hanya ba. Baba ya fusata yadda ban taɓa gani ba. Ya ce ba shawara shike ba ni ba, umurni ne na uba. Na ce na ji, kuma ina roƙon gafararshi, amma ba ni tafiya. Tun da anka haife ni ban taɓa ce mashi a'a ba sai ranar. Ya kawar da fuska.

Kan hanyar komowa Mu'azu ya bi da mu ta gefen wani ɗan tsibiri mai itatuwa da ke tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje, don shi ɗan sanyaya zancen. Baba ko dubawa bai yi ba. Da la'asar iska ta juya, igiyar ruwa ta riƙa watso mana, na ga shina makyarkyata. Na tuɓe rigata na lulluɓa mashi, ina jiran shi ture, bai ture ba. Sai da gidajen Sawakin sunka fito sosai ya jingino da bayanshi a ƙirjina, ya ce taurin kan ga wurin Inna na gado shi, ba wurinshi ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma bai sake tada maganar ba har yau. Yanzu duk wanda ya leƙo bukkarmu sai ya sha labarin cikin ruwa, kuma kifin nan mai launin toka kullum ƙara tsawo shike yi. Amma tun ranar bai sake taka ƙafarshi zuwa gaɓa ba, goya shi nike.

To ga abin da nike roƙonka. Ka faɗa wa Inna da bakinka, a ɗakinta, kafin ta ji a rijiya. Ka ce mata shina ci shina sha shina faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ya ce a gaya mata ta yafe mashi daɗewar da ya yi. Homarshi ta kamun kifi da babbar gorarshi ya ce naka ne, kuma in anka fita su bana kai za ka tsaya inda shike tsayawa, kada ka bar wurin ba kowa.

Sai maganar Turai, wadda ta fi mani nauyi. Ka tafi wurin Baba Abdulƙadiri da kanka, ka gaishe shi da ladabi, ka faɗa mashi gaskiya: ban san ranar komowata ba. Ba zan ce baɗi ba, don na ga abin da kalmar ta yi wa wasu. Abin da zan iya cewa, ranar da Allah ya yi hukuncinshi a kan Baba, ko na sauƙi ko na ɗayan, ba zan ƙara wata guda a garin ga ba, ko da ni kaɗai zan kama hanya. Amma kada a yanke komai sai an tambayi Turai ita kanta. Ka sa matarka Adama ta zauna da ita, su biyu, ta ji abin da ke ranta ba abin da kunya za ta sa ta faɗa ba. In ta ce za ta jira, ka gaya mata babu marecen da ba ni tuna ta, kuma ban da abin da zan saka mata sai addu'a. In kuwa ta gaji, ta yi haƙurin da ya wuce a nemi ƙari. Na wakilta ka, ka sawwaƙe mata cikin mutunci, kada kowa shi faɗa mata baƙar magana. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin in iya rubuta wagga magana, amma haƙƙinta ne. Cikin jakar Alhaji Lawwali akwai ɗan ƙaramin makankari mai ɗigo-ɗigo naɗe a tsumma. Na Habi ne. Ka ce mata ubanta ya nutsa ya ɗauko mata shi daga ƙasan teku, kuma ka riƙa faɗa mata sunana don kada shi zame mata baƙo.

Ka gaishe mani da Inna gaisuwa ta musamman, ina neman albarkarta. Ka gai da Adama da yaranku, musamman Mainasara wanda na ji har ya fara riƙon garma. Ka aika gaisuwata Wurno wurin ƙanwarmu Kaltume da mijinta Mode, da Goronyo wurin Gwaggo Tani, ka ce mata Baba ya yi mata ɗawafi kamar yadda ya yi alkawari. Ka gai da Liman da dattawan masallaci da dukan masuntan unguwarmu. Mu'azu ma ya ce a gai da mutanen Kwargaba, duk wanda anka samu, ko da ba a san shi ba.

Ina cikin naɗe takardar ga Baba ya farka ya ce in ƙara abu guda. Wai ka faɗa mashi inda ruwan bara ya tsaya, ko ya kai gindin giginyar nan ta mashaya ko ya tsaya ƙasa da ita, don daga nan shike gane yadda kifin shekara za shi kasance. Na tuna mashi cewa amsa ba za ta iso ba sai tare da alhazan wata shekara. Ya ce ya sani, ni dai in rubuta. To na rubuta, Yaya. Don Allah ka amsa mashi.

Wassalam. Allah shi bar zumunci.

Ni ne ƙanenka mai begen ganinku,
Yusha'u ɗan Ƙasimu.